Lissafin Dare

Tsahiru in ya dawo, kuɗin mai mota yake ƙirgawa,
ni kuwa jikinsa nake ƙirgawa.

Ga baya: shekara goma sha ɗaya bisa kujera
wadda sosonta ya cinye, sai ƙarfe da tsohon zanena.
Duk wani rami daga Kasuwar Dole zuwa Karkada
ya san ƙugunsa.

Ga hannun hagu, fatar ta yi dabbare-dabbare
tun ran da lagireto ya tafasa a bakin Birni,
ya buɗe murfi da zafinsa don fasinja na ta tsaki.
Ga babban yatsa da jak ya ci rabi,
da guntun yake jan carbi.

Ba ya shan ruwa da rana.
Wai ina zai tsaya, wa zai jira shi?
Yanzu likita ya ce tsakuwa ce a ƙoda.
Garin duwatsu, har cikin mutum!

Jiya ɗan kabu-kabu ya gitta masa a Zango,
ya taka birki, ƙirji ya daki sitiyari.
Mai mota ya zo a guje, ya zagaye ta,
ya shafa fitila, ya shafa ƙofa:
"Alhamdu lillahi, ba abin da ya same ta."

Na gasa masa da ruwan zafi, na murza man kaɗe.
Salla ma a zaune ya yi.
Autanmu Kiyari ya ɗau murfin tukunya,
yana juyawa, yana kiran fasinja a tsakar gida.
Na buɗe baki zan hana shi.
Tsahiru ya ce, "Cima, bar shi.
Sa masa dai matashi a baya."