Ba-ruwana

Buhun gero biyu nake bin Jatau maharbi.
Damina ta wuce, kaka ta wuce, shiru.
Ran kasuwar Kafin Hausa sai ga shi da igiya,
a ƙarshen igiyar kuwa ƙashi ne da fata,
ƙafafu huɗu kamar karan dawa,
ciki a ɗame, baki tsini, haƙarƙari a ƙirge.
Ya ce, "Nomau, ga bashinka."
Na ce, ai wannan yunwa ce aka yi wa wutsiya,
ka jawo ta ta ƙarasa a gidana.

Ni mai injin niƙa ne.
Shekara goma sha tara, in na murɗa ya tashi,
in na kashe ya yi tsit.
Jakina ma, duk taurin kansa, ya san sanda.
Ban taɓa riƙe kare ba, ubana bai riƙe ba.
Na ɗauka duk abin da ka ciyar
zai amsa in ka kira shi.
Iyakar karatuna ke nan a zamana.

Na raɗa masa Amana.
Na yi fito, na daki cinya, na dama dusa da romo.
Ya cinye, ya lashe kasko, ya dubi gabas
kamar mai jiran saƙo daga Haɗeja.
Na yi kira har murya ta dushe.
Kunne ɗaya ya motsa, shi ma don ƙuda.
Yaran layin niƙa suka fashe da dariya,
Ladidi 'yar Tanko ta ce, "Baba, wane Amana?
Wannan ai sunansa Ba-ruwana."

Delu ta shata masa iyaka:
ban da ɗaki, ban da randa, ban da buzun salla.
Wahalar banza ta yi.
Shi da ko zaure bai ga abin shiga ba.
An sace mana kaza uku daren Laraba,
bai yi haushi ba, yana can yawonsa.
Na ɗaure shi a gindin darbejiya,
kafin asuba ya cinye igiyar,
igiyar gugar da na aro wurin maƙwabcina.

Na koma wa Jatau da ƙara.
Yana gyaran kibiya, ko ɗago kai bai yi ba.
"Kai mai gadi kake nema, ni mafarauci na ba ka.
Kai shi fadama, sa'an nan ka zo mu yi magana."

Na kai shi, raɓa na jiƙa mini wando.
Na yi bisimilla, na kwance.
Zomo ya fyalle daga cikin sabara,
sai na nemi yunwar nan na rasa.
Wani abu na gani ya miƙe, ya dunƙule, ya miƙe,
ƙasa ba ta samun damar taɓa shi.
Sai na ji kunyar darbejiya,
da dusa, da fito, da dukan cinya,
na tsaya riƙe da igiya kamar wawa
ina jin gudun a cikin ƙirjina.

Ya dawo da zomon yana shure-shure.
Bai kawo gabana ba.
Taku goma ya ajiye, ya kwanta, ya kau da kai.
Ni na taka na je na yanka.

Tun ranar, taku goman nan ne tsakaninmu,
a gona, a hanya, a bakin inji.
Da zazzaɓi ya kwantar da ni bayan girbin gero,
inji ya yi kwana huɗu bai yi tari ba.
Ran na biyar na dafa bango na fito,
ga shi kwance a ƙofar zaure, ya ƙara ramewa.
Delu ta ce tun Lahadi bai je ko'ina ba.

Na kira shi da sunan da na raɗa masa.
Bai waiwayo ba, yana duban gabas.
Amma bai tashi ba.
In kun ga Jatau, ku ce masa ya zo,
akwai canjinsa a wurina.