Teburin Labbo a Bakin Shingen Illela

Labbo ɗan canji kawuna ne.
Teburinsa na nan gab da shingen Illela,
ƙafa ɗaya gajera, an tokare ta da gutsuren bulo.
Shekara talatin yana lasar yatsa
yana ƙirga kuɗin ƙasa biyu.

Zamanin da naira ke takun ƙasaita,
ta sayi sefa har a ba ta gyara,
rediyo ta ce manya sun zauna,
suna shawarar kuɗin Yamma su zama ɗaya.
Labbo ya yi dariya har hularsa ta zame:
"Mi? Raƙumi da akuya turke guda?
Wa ka ciyar da wani?
Kowa shi riƙe nashi, mu gaisa ran kasuwa."

Modi, taubashinsa daga Ƙonni,
yana gefe yana ɓare gyaɗa,
ya ce a hankali, "Allah shi nuna muna ranar."

Sai naira ta kwanta jinya.
Kullum safiya ta ƙara ramewa,
abin da aljihu ke ɗauka da, yanzu sai buhu.
Na ji Labbo da kunnena yana wa direbobi wa'azi:
"Uwa ɗaya uba ɗaya muke!
Wanga shinge, Nasara ya dasa shi.
A haɗe kuɗin nan mu huta."
Modi ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa:
"Taubashi, a dai bi a sannu.
Garaje ba ya gyara miya."

Daga baya soja suka hau can.
Ƙungiya ta yi fushi, aka ja sarƙa, aka sa kwaɗo.
Motar Arzika, buhu ɗari uku na albasa,
wadda takardar Ƙungiya ke kai wa har Kumasi,
ta tsaya kwana goma sha tara.
Ruwa baƙi yana ɗiga ta ƙarƙashinta,
ƙuda suka yi sallarsu.
Arzika ya yage takardar gida huɗu,
shi da bara yake adana ta cikin leda kamar laya.

Ni malamin makaranta ne.
Ran Talata nakan zana taswira a allo,
in ce wa yara ga amfanin haɗin kai, na ɗaya, na biyu.
Wata yarinya, Hajo, ta ɗaga hannu:
"Malam, babana ya ce su suka ruɓar muna da albasa."
Na dubi allo.
Allina ya ƙare, albashi bai zo ba,
ban san ko ni ma na yarda da na ukun ba.

Cikin kwanakin nan Inno ta rasu a Ƙonni,
ita da ta goyi Labbo da Modi da zane ɗaya.
Muka bi ta gonar gero a babur, fitila kashe.
A bakin kabari babu wanda ya tambayi farashi.

Da muka dawo, Labbo ya gyara bulon,
ya zauna, ya buɗe akwati.
Na ce, "Kawu, yau kana ina, haɗewa ko rabuwa?"
Ya lashi yatsa, bai ɗago ba:
"Bari in ji nawa ta kwana tukun."