Me Ka Ji?

Ku 'yan ajina na Gyaɗi-Gyaɗi,
ku ajiye biro, yau ba rubutu.
Idanunku na nan a kan allo,
zukata sun tari adaidaita sun tafi hutu.
Ban ga laifinku ba, ni ma na yi.
Ku matso in ba ku labarin wani mutum.

Ina aji biyu a Gwale
aka aike ni da agogon Baffa.
Ya tsaya cik tun ranar Laraba,
huɗu saura kwata, ya kafe ƙafa.
Aka ce, Ƙofar Wambai, bayan masu robobi,
ka nemi Malam Barau.

Teburinsa bai fi faifai biyu ba.
Gilashi guda maƙale a ido,
hantsaki, ɗan buroshi,
da gwangwanin madara cike da ƙusoshi
waɗanda ƙwayar gero ta girme su.

Na miƙa, na ce sauri nake.
Bai karɓa ba.
Ya ce, "Girgiza, ka sa a kunne. Me ka ji?"
Na ce ba komai.
"A'a, yaro. Kasuwa ka ji.
Ka ji mai kura yana neman hanya,
ka ji mai rake, ka ji cikinka.
Sallame su ɗaya bayan ɗaya, ka sake."

Na runtse ido. Na sallami mai kura,
na sallami rediyon mai shayi.
Cikina ne ya fi taurin kai.
Can ƙasa, ƙarƙashin hayaniya,
sai ga wani abu: ƙis. Shiru. Ƙis.
Kamar ɗan tsako yana ƙwanƙwasa ƙwai.

"Ashe da sauran rai," in ji shi.
Ya ɓalle bayan. Gashi ne, sili ɗaya,
ya sarƙe haƙoran wani ɗan gare.
Sili ɗaya ya tsayar da yinin Baffa.

Bakina ya kuɓuce.
Me ya sa wannan ke juyawa hagu, wancan dama?
Me ya sa minti sittin, ba ɗari ba?
Ya cire gilashin ya dube ni.
"Ta farko na sani, zauna in nuna maka.
Ta biyun, shekara talatin ina kan teburin nan
ban taɓa tambaya ba.
In ka samo, ka kawo mini."
Mutum da furfura har gira
ya ce wa yaro ban sani ba,
kuma ƙasa ba ta tsage ba.

Na tambayi malamin lissafi, ya ce in zauna.
Na tambayi littafi, ya tura ni gun ɗan'uwansa,
shi ma ya tura ni gaba.
A hanyar na tsinci taurari, na tsinci taswira,
abubuwan da ba su aka aike ni ba.
Sai bayan shekara shida na kama ta:
mutanen Babila ne, da ƙirgensu na sittin,
mai rabuwa biyu, uku, huɗu, biyar, shida, ba saura.

Na ruga Ƙofar Wambai da ita a baki.
Na tarar da mai cajin waya a gurbin.
Ya ce tsohon? Ai tun azumin bara.

Har yau amsar na aljihuna,
shi ya sa nake raba ta aji-aji.

Kai Nafi'u, hasken da ke ƙarƙashin benci
na gan shi a haɓarka. Kife ta.
Ke Tasalla, jiya bakinki ya buɗe ya rufe,
kika haɗiye tambaya don kar a yi dariya.
Dawo da ita. Wataƙila ni ma ban sani ba,
sai mu nema tare.

Yanzu kowa ya yi shiru.
Fanka ma ta yi, an ɗauke wuta.
Ku sallami titin Zariya,
ku sallami ƙararrawar tashi,
ku sallami cikinku, in zai tafi.

To.
Me kuka ji?