Ɗalibi Mai Furfura

Shekara talatin da ɗaya ina gaban makirfo a Garwa.
Muryata ta kwana a gidajen da ƙafata ba ta taɓa takawa ba.
Masunta a bakin Binuwai sun san tarina,
manoman auduga a Pitowa da sallamata suke saita agogo.
Sai ga takarda daga ofishin darakta:
bita, kwana biyar, babba da yaro.
Na shafa gemu.
An ce ba ya hana ilimi,
amma ba a ce ba ya jin kunya ba.

Litinin, ɗakin sama,
fanka na juya zafin Afrilu kamar mai tuƙin tuwo.
Aka ba ni kujerar roba da kwamfuta mai ninkewa.
Wadda ke gaban allo Astawabi ce,
yarinyar da ta zo mana koyon aiki tana riƙe mini takardu,
wadda na taɓa kora waje
don ta yi atishawa jar fitila na kunne.
Yau ita ke cewa, "Baba Hamajam, danna nan."
Na danna can.
Hirar minti tara ta narke kamar gishiri a ruwa.

Ni da na yanka zaren kaset da reza,
na liƙe da salatif, kunne bai taɓa jin tabon ba.
Yanzu murya ta zama korayen tsaunuka a bayan gilashi,
abin da suke kira linzami kuwa
ni yake ja, ba ni ke jan sa ba.

Laraba ta haska hoto a bango:
gada ta karye, ruwa ya ci motoci,
an rubuta wai nan ne, wai jiya ne.
"Wa zai karanta wannan a labaran ƙarfe takwas?"
Hannuna ya tashi bai yi shawara da ni ba.
Ta bi sawun hoton kamar mai neman ɓatacciyar saniya,
sai ga shi a wata ƙasa, shekara shida baya.
Na tuna Malam Sajo mai gyaran fitila,
wanda na sanar da rasuwarsa wata safiya.
Da azahar ya jingine kekensa a ƙofar tasha,
ya ce ya zo ganin wanda ya kashe shi.
An yi dariya a lokacin.
Ni kwana bakwai barci bai zo mini ba.

Alhamis ta kunna mana wata murya,
wai wani ɗan kasuwa ne ke zagin abokan sana'arsa.
Yara suka duƙufa kan manhaja.
Ni na rufe ido.
"Sake kunnawa."
Ta sake.
Na ce, mutumin nan bai ja numfashi ba
tsakanin "gobe" da "kasuwa".
Ɗan Adam ba ya magana haka.
An yanka, an ɗinke,
kuma telan bai ƙware ba.
Astawabi ta dubi kwamfutarta, ta dube ni,
ta miƙo mini alƙalamin allo.
"Zo ka nuna musu."
Gwiwoyina suka riga ni amsawa.

Juma'a aka raba takardun shaida.
An rubuta sunana da Faransanci, harafi ɗaya ya ɓata hanya.
Ban kai ƙara ba.
Na hau babur zuwa Rumde Ajiya,
takarda a cikin riga, gumi ya jiƙa mata kunne.

Da dare jikata Nenne ta same ni a tabarma
ina yanka muryar kaina a waya, ina mayarwa, ina sake yankawa.
Ta ce, "Kaka, ba a tashi makarantar ba?"
Na ce akwai wata a Ngaundere bayan damina,
na riga na ba da suna.

Rezar tana nan a gwangwanin shayi,
ta yi tsatsa.
Ban jefar ba.