Mudu Biyu

Kaka Kasham ba ta san kaɗan ba.
Buhu take jiƙawa,
burukutunta ya shayar da gayya guda a Zonkwa.

Ni ɗaki ɗaya gare ni a Sabon Tasha,
mudu biyu na jar dawa, da tukunyar wake.

Kwana uku bayan ƙofa
dawa ta fidda farin gemu.
Na rage ruwa da lissafi,
amma wuta ba ta jin lissafi:
ƙaramar tukunya saurin fushi gare ta,
ta farko ta kama a gindi.

Ta biyu na tsare, muciya a hannu.
Da asuba na ji tana tsaki ƙarƙashin faifai.

Ƙwarya huɗu.
Tsamin bai kai nata ba,
amma ƙamshin ya san hanyar gida.