Kunkuru a Kusurwar Allo

Ranar Talata ƙanƙara ta narke ta zama caɓi,
taragon lantarki na kuka a kwanar titinmu a Łódź,
Pani Halszka ta turo ƙofar shagona da kafaɗa,
faifai naɗe cikin safar ulu kamar ƙwai.

Na marigayi ne, ta ce. Mieczysław.
Shekara talatin yana gaban injin saƙa,
da aka rufe masaƙar
ya koyi kwamfuta da yatsa ɗaya.

Na jona. Hotuna ɗari bakwai da 'yan kai,
ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.
Na ce, Pani, sha kuruminki.
Ba ta dubi hotunan ba.
Ta kai farce kusurwar allo
inda sunan faifan ke zaune:

╜α¥W

Wannan fa? Ba haka ya rubuta ba.

Lungun katanga, baƙon Girka, kuɗin Japan,
sai W can ƙarshe, shi kaɗai ya tsira,
kamar wanda ya dawo gida ya tarar da baƙi a gadonsa.

Na yi mata bayani irin namu na masu gyara:
gurbi goma sha ɗaya tsohon tsari ke ba suna,
ba ya ajiye harafi, lamba yake ajiyewa,
kowace na'ura kuma da littafin da take duba lamba.
Tasa ta duba namu.
Tawa ta duba na wata ƙasa,
ta karanta da gaskiyarta, ta yi ƙarya.

Me ya rubuta?

ŻÓŁW, ta ce. Kunkuru.
Haka yake kirana tun muna zuwa rawa,
don kullum sai ya jira ni a bakin matakala.

Na ce abu mai sauƙi, mu sa ZOLW,
ba ɗigo, ba karan tsaye, ba sandar da ta ratsa,
kowace na'ura a duniya za ta gane.
Ta dube ni kamar na ce a aske wa gawa gemu.
Wannan ba kalma ba ce, yaro.
Kunkurun da aka cire wa ƙoƙo, me ya rage?

Na yi shiru.
A tikitin jirgi ni ma BLAZEJ ne,
uwata kuwa Błażej ta raɗa mini,
na saba amsawa har na daina jin zafin.

Ban taɓa faifan ba.
Na cire shi, na gaya wa na'urata
da wane littafi za ta karɓi baƙo:
takwas, biyar, biyu.
Na sake jonawa.

Ɗigo ya hau kan Ż ya zauna,
Ó ta ɗaga gira,
Ł ta ɗauki sandarta,
suka jeru kusa da W yadda ya bar su.

Ta daɗe tana kallo. Shayina ya huce.
Ta tambayi kuɗi, na ce a bar shi,
ta ajiye alewa biyu kan teburin duk da haka.

Na rubuta mata lambobin uku a takarda,
saboda na'urar jikanta ma ba ta san littafin ba.
Ta mayar da faifan cikin safa.
Daga taga na ga taragon ya iso tasha,
ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya wuce,
ita ko rabin titi ba ta kai ba.