Layin da Ba Shi da Jiki

Shekara goma sha tara yana kwance a cikin wayata,
ɗan ƙarfen nan da bai kai farcen yatsana ba.
Sau biyu aka datse masa gefe
don ya shiga sabon ɗaki,
bai taɓa ƙorafi ba.

Abin da ya kai ni Taminus ran Talata
ba kwaɗayin sabon yayi ba ne.
Tanimu ne, maƙwabcina a Farin Gada,
da aka zare wa waya tsakanin buhun kabeji da bakin mota.
Wayar ba ta dame su ba, a kwata aka tsince ta.
Sim ɗin suka cire.
Kafin ya sallame la'asar
kuɗin tumatirin mutum shida sun bi ruwa.
Ya zauna a kan kwando
yana kallon tafin hannunsa kamar a nan aka rubuta dalili.

Yarinyar shagon, Nanret sunanta,
ta ce, "Baba, wannan ba a zare shi.
Ba shi da jiki, balle a zura masa allura."
Na ce, 'yata, kakana kuza ya haƙa a Bukuru,
abin da sikeli bai ɗauka ba
bai taɓa yarda akwai shi ba.

Ta yi dariya, ta miƙo takarda.
Wani zane ne baƙi da fari, mai kusurwa huɗu,
kamar inda kaji suka yi tono a kan gari.
Wayata ta dube shi sau ɗaya tak,
sai ga sanduna sun miƙe a saman gilashi,
gajere, dogo, dogo, dogo,
kamar 'ya'yana ranar hoto.

"Takardar nan, kada kowa ya ɗauke ta a waya.
Ka kulle fuskar wayar da lamba,
amma ban da shekarar haihuwarka."
Na ce wannan kam kwantar da hankalinki,
ni kaina ban san ta ba.

Da daddare a Gangare,
sanyi ya sa na naɗe har kunne,
sai ga kira.
Murya mai laushi, kamar an shafa mata man shanu.
Ya san sunana, har da na mahaifina.
Wai daga kamfani, wai sabon layina bai gama zama ba,
in karanto masa lambobi shida da suka shigo yanzu
kafin sha biyu, ko a rufe.

Na karanta biyu.
Wallahi na karanta biyu.
A ta uku ne tafin hannun Tanimu
ya tsaya mini a maƙogwaro.

Na ce, ɗana, dare ya yi, idona ba ya gani.
Ka zo Farin Gada da safe,
rumfa ta uku bayan masu karas,
in ba ka su hannu da hannu, har da shayi.
Shiru.
Sai ƙit.

Na daɗe zaune, wayar tana huce a cinyata.
Ashe an toshe ramin da yatsu ke bi,
ɓeran ya zagayo ta kunne.
Ƙofa ɗaya ta rage a gidan nan,
kuma tana ƙarƙashin gashin bakina.

Tsohon sim ɗin kuwa,
Nanret ta so jefa shi a kwandon shara.
Ta ce ya mutu, ta kwashe sunayen duka,
har da na waɗanda ba sa ɗauka.
Na karɓe abina.
A kansa Yaya Shu'aibu ya kira ni kiran ƙarshe
yana tambayar nawa ake sayar da dankali.

Yana nan a naɗin hulata.
In na sunkuya ɗaga kwando
nakan ji ɗan kaifinsa a goshi.